Babi na Biyu: Lambar da Baba Bai Manta Ba

Tambayar farko da tsohon ya yi mini, bayan mun gama gaisawa na ajiye goron da na zo da shi a gefen tabarma, ita ce ko gwamnati ce ta aiko ni. Na ce a'a, Baba, littafi nake son rubutawa a kan Yaƙin Bama, an kuma shaida mini cewa duk garin nan kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka je. Ya yi shiru yana kallon rikodar da ke hannuna. Can sai ya kira jikansa ya ce a ɗauko masa akwati. Yaron ya shiga cikin gida, ya fito rungume da wani akwatin ƙarfe da tsatsa ta cinye gindinsa. A ciki akwai lambobin yabo da zarensu ya koɗe, da hoto guda, da ɗan littafin sallama daga soja wanda aka naɗe cikin leda aka sake naɗewa cikin tsumma. Bai buɗe littafin ba. Gyara zama ya yi, ya miƙe ƙirji, ya karanto lambarsa ta soja da Turanci tiryan-tiryan. Wannan fa mutum ne da bai san shekarar haihuwarsa ba, wanda da bakinsa ya ce sunayen jikokinsa kan rikice masa. Na buɗe littafin na duba, ko ɗaya bai kuskure ba.

A ranar na fara gane cewa tunanin tsohon soja yana da wuraren da ya riƙe gam da wuraren da ya saki, kuma aikin mai tattara labari shi ne ya san wanne ne wanne.

Su waɗannan mutane, hanyar da ta kai su Bama doguwa ce. Da Japan ta fatattaki Turawan Ingila daga ƙasar a 1942, sai Turawan suka waiwayo Afirka ta Yamma neman mayaƙa. Dama sojojin Najeriya sun riga sun nuna kansu a gabashin Afirka a 1941, inda suka shiga Mogadishu suka bi Italiyawa har cikin Habasha. Aka kafa Runduna ta 81 a 1943, ta 82 ta biyo bayanta. Kimanin mutum 90,000 aka kwasa daga Najeriya da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da Saliyo da Gambiya, fiye da rabinsu 'yan Najeriya. Hausa ce harshen bariki tun zamanin da aka kafa sojan, har ana sa hafsoshi Turawa su ci jarrabawarta, don haka Bahaushe da Babarbare da Bazabarme da Tibi da Angas duk da ita suke karɓar umarni, da ita suke zagin juna, da ita suke waƙar fareti. Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan, inda babu hanyar mota, abinci da harsashi sai dai jirgin sama ya sako musu da lema. Birged ɗinta guda, mai bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta Najeriya, an ware ta aka haɗa da dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit, waɗanda aka jefa can bayan sahun Japanawa a 1944. Runduna ta 82 kuwa ta gangaro ta kwarin Kalapanzin, rundunonin biyu suka haɗu suka kama Myohaung a Janairun 1945, sannan ta 82 ta ci gaba kudu ta Dalet da Tamandu.

Wanda ya san Kaduna ya san waɗannan sunaye ko bai san asalinsu ba. Barikin Dalet da barikin Kalapanzin suna nan. A Zariya akwai barikin Chindit, inda ake horar da kuratan soja. A Legas akwai Myohaung da Arakan, akwai kuma Dodan, inda aka mulki ƙasar nan shekara da shekaru. Kullum 'yan kabu-kabu na kiran sunayen ƙauyuka da kogunan Bama a titunanmu, amma da wuya ka sami wanda zai gaya maka kakan wa ya mutu a can.

Ba wai babu takardu ba ne. Kowace bataliya tana da littafin da ake rubuta abin da ya auku kowace rana, kuma suna nan a ajiye a gidan adana takardun gwamnatin Ingila da ke Kew, a Landan. Suna da amfani ƙwarai: za su gaya maka ranar da aka tashi daga wuri kaza, da sa'ar da aka fara harbi, da tudun da aka kama. Sai dai hafsa Bature ne ya rubuta su, da harshensa, don idon na gaba da shi. Idan hafsa ya faɗi, za ka ga sunansa da muƙaminsa. Idan namu ne, sau da yawa adadi za ka gani, sai haruffa uku, AOR, ma'ana sauran 'yan Afirka da ba hafsoshi ba. Littattafan da aka wallafa daga baya ma daga wancan ɓangaren suka fito. Janar Slim, kwamandan babbar rundunar Ingila a Bama, ya fitar da nasa a 1956. John Hamilton, wanda ya yi hafsa a Runduna ta 81, ya fitar da War Bush a 2001, kuma ya yi ƙoƙari sosai wajen ƙwato wa rundunar haƙƙinta. Duk da haka ido ne na mai ba da umarni. Abin da mai ɗauke da kaya a ka ya gani yana hawa tudu cikin taɓo, da abin da ya raya a ransa daren da jirgin ruwa ya bar Ikko ya ga ƙasa ta ɓace, babu wanda ya tambaye shi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma sai in an je an zauna a gabansa.

Zaman kuwa yana da ladabinsa. Abin da na lura da shi, daga wannan tsoho har sauran da na samu bayansa, shi ne labarin yaƙi hawa-hawa yake fitowa, kuma mai gaggawa hawan farko kaɗai yake samu ya tafi.

Hawan farko shi ne labarin dandali. Shi ne wanda tsohon ya shekara hamsin yana ba yara da abokan hira, har ya yi sumul kamar dutsen rafi. A nan ne za ka ji Japanawa na rikiɗa su zama itace, za ka ji layar da ta sa harsashi ya zama ruwa, za ka ji yadda mutanen Indiya ke zagayawa bayan soja suna leƙen wutsiya domin an gaya musu baƙar fata na da ita, da yadda aka baza cewa sojojin Afirka na cin naman mutum don a tsorata abokan gaba. Wasu masu bincike da zarar sun ji irin wannan sai su kashe rikoda, su ce tsoho ya fara tatsuniya. A ganina kuskure ne babba. Sojan Japan yakan lulluɓe jikinsa da ganye ya hau bishiya ya ɗaure kansa, ya yi kwanton ɓauna yini guda ba motsi. Yaro ɗan shekara 18 da ya taso a fili, inda ake hango mahayi tun daga nesa, aka jefa shi dajin gora inda ba ya ganin abin da ke taku biyar gabansa, ya ga bishiya ta yi harbi abokinsa ya faɗi, me kake so ya ce? Ya faɗi abin da ya gani da kalmomin da yake da su. Labarin layar kuma yana gaya maka abin da uwa ta ɗinka wa ɗanta kafin ya tafi, da abin da ya riƙe zuciyarsa lokacin da igwa ke tashi. Ni nakan rubuta su yadda aka faɗa, sannan in ajiye bayanin takarda a gefensu, in bar mai karatu ya ga duka biyun.

Hawa na biyu ƙorafi ne, kuma shi ne dalilin tambayar da Baba ya fara yi mini. Duk baƙon da ya zo da biro da takarda, tsohon soja yakan ɗauka maganar haƙƙinsa ce ta taso. Dole ka faɗa masa gaskiya tun daga zaure cewa ba ka da ikon ƙara masa ko kwabo, domin in ka bar shi da wannan zato, labarin da zai ba ka na neman taimako ne, kuma ka ci amanarsa. Amma bayan ka faɗa, sai ka saurari ƙorafin har ƙarshe, don shi ma tarihi ne. An yi musu alkawarin aiki da kyakkyawar sallama. Yaƙi ya ƙare a Agustan 1945, da yawansu ba su ga gida ba sai cikin 1946 saboda ƙarancin jiragen ruwa. Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja, aka yi fareti, aka watse, kowa ya koma gonarsa ko ya zama ɗan doka ko mai gadin kanti. Takardun da aka tono a 2019 sun nuna cewa a rundunonin gabashin Afirka, farabiti Bature na samun garatutin sule 10 a kan kowane watan da ya yi yana aiki, baƙar fata mai muƙami ɗaya da shi kuwa sule 3 da rabi. A Accra, ranar 28 ga Fabrairu 1948, mazan jiya suka yi jerin gwano za su kai wa gwamna kukansu, 'yan sanda suka harbe uku daga cikinsu: Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya tana cikin abubuwan da suka gaggauta 'yancin Ghana. Saboda haka idan tsoho ya ɗaga littafin sallamarsa yana kaɗa shi a gabanka, muryarsa na rawa, ba son kuɗi ne ke magana ba.

A cikin wannan hawan ne kuma maganar yadda aka shiga soja take fitowa. Takarda ta ce masu sa kai ne. Wasu lallai da ƙafarsu suka je, don kaki ko don albashi ko don gudun wani abin kunya a gida. Amma sau nawa na ji an ce mini "ba da ni aka yi". Umarni ya sauko daga Razdan zuwa sarki, daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, cewa ana son mutum kaza daga ƙasarsa. Dagaci kuwa ba ɗansa zai bayar ba. Maraya, da baƙo, da wanda ubansa bai biya haraji ba, su ne a gaba. Tsoho ba zai faɗi wannan ba in jikan dagacin na zaune a zauren, shi ya sa na koyi duba waɗanda ke wurin kafin in yi tambayar.

Akwai waɗanda na fi shan wuya kafin su buɗe baki, wato 'yan dako. Rundunonin Afirka ta Yamma sun bambanta da sauran domin a maimakon alfadarai da motoci, mutane ne ke ɗaukar kaya a ka: harsashi, abinci, sassan igwa, da raunatattu a kan makara. Dubbai ne, sojoji ne cikakku masu lamba, amma yawancinsu adda kaɗai ke hannunsu. Su ne suka sa rundunar ta iya ratsa inda ake ganin ba ya ratsuwa. Tambarin Runduna ta 82 ma masu biyu ne a gicciye bisa gammo, kamar yadda na ta 81 yake baƙin gizo-gizo, wato Ananse na mutanen Ashanti, ɗan'uwan Gizonmu na tatsuniya. Duk da an sa gammo a tambari, mutumin da ya dawo gari ana yi masa kirarin ɗan Bama ba ya son a san cewa bai taɓa harba bindiga ba. Sai ya ari labarin masu bindiga ya yafa. In ka nuna masa ka san aikin da 'yan dako suka yi, ka kuma girmama shi, sai ka ga ya sauke aron ya ba ka nasa, wanda ya fi wancan nauyi nesa ba kusa ba: tafiya cikin ruwan harsashi da akwati a ka, ba abin ramawa, ba damar jefar da kaya.

Sai maganar lokaci da wuri. Tsoho ba ya cewa ran kaza ga watan kaza. Zai ce bayan Babbar Salla, ko ana tsakar damina lokacin da matsattsaku suka addabe su, ko kafin zuwan Sarkin Katsina. Waɗannan duka ana iya mayar da su kwanan wata. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya ziyarci sojojin Najeriya a Indiya da Bama a 1944, shekarar da aka naɗa shi. Babbar Sallar wannan shekara ta faɗo ne a ƙarshen Nuwamba, Runduna ta 82 kuma ta fara gangarawa Kalapanzin a Disamba. Japan ta miƙa wuya cikin makon farko na azumin 1945, don haka wanda ya ce maka labarin ƙarewar yaƙi ya same shi da azumi a baki, gaskiya ya faɗa. Sunayen garuruwa kuwa harshe ya tauna su ya sake su, sai ka sa taswira a gaba, ka san bataliyar mutum, ka bi hanyarta a littafin hafsoshi, kafin ka gane ƙauyen da yake nufi. Takarda ke ba da rana, baki ke ba da abin da ranar ta ƙunsa.

Wanda ke shakkar ko tunanin tsoho abin dogaro ne, ya dubi labarin Isaac Fadoyebo. Bayarabe ne daga wajen Owo, ma'aikacin jinya a Runduna ta 81. A watan Maris 1944 Japanawa suka afka wa ƙungiyarsu a bakin Kaladan, aka ragargaza masa ƙafa, aka bar shi a matsayin gawa. Shi da wani ɗan Saliyo, David Kargbo, wani manomi Musulmi ɗan ƙabilar Rohingya mai suna Shuyiman ya ɓoye su a gidansa, yana ciyar da su wata da watanni, alhali in an kama shi kashe shi za a yi. Da BBC ta nemi tsofaffin sojojin Afirka su aiko da labaransu a 1989, Fadoyebo ya aika da nasa a rubuce. Masanin tarihi David Killingray ya shirya shi aka buga a 1999. Bayan shekaru, ɗan jarida Barnaby Phillips ya gano shi a Legas, ya ɗauki kwatancen da ya yi masa, ya tafi har jihar Rakhine, ya kuma sami ƙauyen da 'ya'yan Shuyiman, suna riƙe da labarin baƙaƙen sojoji biyu da mahaifinsu ya ɓoye. Bakin Legas da bakin Bama suka zo ɗaya bayan shekara sittin da bakwai ba su ji ɗuriyar juna ba. Fadoyebo ya rasu a 2012, littafin Phillips, Another Man's War, ya fito a 2014. Abin da ke ci mini rai shi ne Fadoyebo ya iya rubutun boko da Turanci, shi ya sa muryarsa ta kai Landan. Dubban da suka fito daga ƙauyukan Kano da Sakkwato da Bauci da Borno, wasunsu da ajami a hannu, kiran bai iso gare su ba.

Yanzu lissafi ya ƙure. Wanda ya shiga soja a 1942 yana ɗan shekara 18, a 1924 aka haife shi. Abin da ya rage shi ne akwatunan, da matan da suka zauna da su, da 'ya'yansu. Kada a raina waɗannan. Matar tsohon soja ta san abin da bai taɓa faɗa a dandali ba: ihun tsakar dare, da zaburar da yake yi in an buga ƙofa da ƙarfi, da sunan da yake kira cikin barci. Marubuci Biyi Bandele, haifaffen Kafancan, daga abin da ya ji ya kuma gani a wurin mahaifinsa, wanda ya dawo daga Bama da ciwon da ba a gani, ya gina littafinsa Burma Boy na 2007. Duk gidan da aka taɓa kiran wani Baba Soja ko Samanja, akwai abin tambaya a cikinsa, ko da mai sunan ya daɗe a ƙasa.

Hawa na uku na Baba bai fito ba sai a zuwana na huɗu. Ranar ba kowa a zauren, an tafi ɗaurin aure. Ban ma kunna rikoda ba sai da ya nuna ta da haɓa. Ya ce akwai wani yaro ɗan ƙasarsu da suka shiga jirgi tare, suke cin abinci a kwano ɗaya. A wani rafi bayan Myohaung harsashi ya same shi a ciki. Baba ya goya shi har inda ƙarfinsa ya ƙare. Yaron ya yi ta roƙon ruwa, an kuwa hana su ba mai raunin ciki ruwa, sai bai ba shi ba. Kafin asuba ya cika. Suka tona rami da adda, ba likkafani, ba wanka, aka yi masa salla a tsaitsaye aka wuce. Da ya dawo gida uwar yaron ta zo ta tambaye shi, ya ce mata ɗanta bai sha wahala ba. Ya ce tun daga ranar bai ƙara ɗaga moɗa ya kai baki ba sai ya tuna. Ya juyo ya dube ni ya ce, ɗana, ku da kuka yi karatu, ko akwai inda aka rubuta sunansa?

Na ce masa akwai wata maƙabartar soja a Taukkyan, kusa da Rangun, inda aka gina ginshiƙai aka sassaƙa sunayen mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, da 'yan Afirka ta Yamma a ciki, kuma hukumar da ke kula da kaburburan tana da jerin sunayen. Na yi alkawarin dubawa. Matsalar ita ce yadda aka rubuta sojojinmu: sunan yanka, sai sunan gari ko na ƙabila a matsayin na uba, da rubutun magatakardan da ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Masu suna iri ɗaya ba su ƙirguwa, lamba ce kaɗai ke raba su. Baba ya san tasa lambar kamar Fatiha, amma bai taɓa riƙe ta abokinsa ba.

Na koma masa da takarda ɗauke da duk masu wannan suna daga rundunarsu da suka rasu a watannin farko na 1945. Na zauna a gefen tabarma na karanta masa su ɗaya bayan ɗaya, da lambobinsu da ranakunsu, yana saurare ido a rufe. Da na kai ƙarshe ya ce in sake daga farko. Na sake. Sai ya karɓi takardar, ya ninke ta biyu, ya sa cikin ledar da littafin sallamarsa yake, ya ce wa jikansa ya je ya kira liman, a yi musu addu'a su duka.